Zanen Kwamfuta da Aikin Kafinta a Karkarar Arewacin Kano



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wata tambaya guda: me zanen kwamfuta mai nuna tsawo da faɗi da kauri zai ƙara wa kafintan da ke aiki a Bichi, ko Dambatta, ko Dawakin Tofa? Kafin mu amsa, ya kamata mu fara duba ƙasar da yake zaune a ciki.

Tun a 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka bayyana yadda jama'a suka yi cincirindo a karkarar da ta kewaye Kano, har gona ta haɗe da gona, ana nomawa kowace shekara. A irin wannan ƙasa babu kurmin da za a shiga a saro katako. Ɗorawa da kanya da gawo da ke tsaye a gonaki duk suna da masu su, kuma amfaninsu a tsaye ya fi amfaninsu a kwance. Massassaƙin gargajiya ya san haka, shi ya sa yake tattalin gungumen ƙirya ko na marke kafin ya sa masa gizago ya fitar da turmi ko taɓarya. Shi kuwa kafinta, yawancin katakonsa daga kudu ake kawo shi, ya sauka a kasuwa irin ta Na'ibawa, sannan a biya mota zuwa ƙauye. Saboda haka duk guntun da ya lalace, an yi asarar kuɗin saye da na dako, kuma sau da yawa uban amarya ne, wanda ya sayar da gero ko gyaɗa don gado da kujerun 'yarsa, zai ɗauki asarar.

To, a nan ne kwamfuta take da abin faɗa. Tun a 1963 Ivan Sutherland ya nuna a Amurka cewa mutum na iya yin zane kai tsaye a fuskar kwamfuta. AutoCAD ta fito a 1982, SketchUp a 2000, ga kuma FreeCAD wadda ake samu kyauta. Da irin waɗannan manhajoji ana gina gado ko tebur gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da awonta, a juya shi ta kowace fuska. Amfanin farko, mai saye zai ga kayansa kafin a taɓa zarto, gani kuwa ya kori ji. Na biyu, ana fitar da jerin guntayen da za a yanka, a jera su a kan faifan katako mai ƙafa 4 da ƙafa 8, a ga yadda za a rage ɓarna. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne mahaɗa. Idan za a fiƙe harshe a ƙarshen wani katako a cusa shi cikin ramin da aka huda a wani, ƙa'idar da kafintoci suka daɗe da ita ita ce kaurin harshen ya zama kusan sulusin kaurin katakon. A zane ana iya leƙa cikin ƙafar tebur a ga ko harsuna biyu za su yi karo. Kuskuren da aka yi a nan gogewa kawai ake yi.

Amma fa kada mu ruɗu. A fuskar kwamfuta katako ba ya motsi, alhali a hannun kafinta yana sha yana bushewa. Wanda aka yanko a kudu mai laima, idan hunturu ya same shi a nan sai ya tsuke, kuma tsukewar a faɗinsa take, a tsawonsa kaɗan ce ƙwarai. Wannan ne dalilin da ƙofa ke tsagewa a watan Janairu, ta kuma cije a watan Agusta. Tsohon kafinta ya san ya bar katako ya bushe, ya kuma bar wa allon ƙofa 'yar sarari a cikin gurbinsa. Ya san wanda gara ke ci da wanda take tsallakewa. Manhaja ba za ta faɗa wa kowa wannan ba, sai wanda ya sani ya sa shi a cikin zanen.

Don haka shawarata ga hukumomin ilmi ita ce kada a raba ɗakin kwamfuta da rumfar kafinta a makarantunmu na koyon sana'a. Ɗalibin da ya zana kujera a sa shi ya yanka ta, ya haɗa, ya zauna a kai. Ku kuma ɗalibai, in kun koma gida hutu, ku je wurin kafintan garinku ku auna mahaɗarsa, ku tambaye shi dalilinta, sannan ku zana. Shi zai sami hanyar tsimin katako, ku kuma ku adana ilmin da har yanzu a hannu da ka kaɗai yake.