Jawabi Kan Soyayyen Yaji Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya

 

An ce mu 'yan gwari mu yi bayani kan attaruhu da tattasai da ke lalacewa a hannunmu. Kowa ya san mota takan taso daga Kano ko Zariya ta kwana biyu a hanya kafin ta iso Badun. In aka sauke a Shasha, wani kwandon rabinsa ya riga ya yi laushi. A gida Arewa da sai a yanka a shanya, hunturu ya busar. To, nan Kurmi laima ba ta bari. Ka shanya yau, jibi ya yi fumfuna. Shi ya sa maƙwabtanmu Yarbawa suke soya nasu, suna ce masa ata dindin, kuma babu abin kunya mu koya.

Abu na farko shi ne tsincewa, kuma nan ne muke roƙon a ji tsoron Allah. Wanda ya yi laushi daban, wanda ya ruɓe daban. Duk wanda ya yi baƙin tabo ko fari-fari kamar auduga, ko yake wari, a zubar. Kada a ce ai wuta za ta kashe. Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma ba kowane gubar fumfuna take kashewa ba, kuma 'ya'yanmu ne za su ci.

Ga yadda muke yi. Tattasai 20, attaruhu 10, albasa manya 4, tumatir kamar 5, sai tafarnuwa da citta. Tumatirin kada ya fi haka, shi ne ke jawo saurin tsami. A wanke, a cire hancin, a jajjaga ko a kai inji, amma a hana mai inji tuttula ruwa. A ɗora a wuta ba mai, ya yi ta tafasa har ruwan ya tsotse. Sannan a zuba man gyaɗa, a sa gishiri da daddawa, a rage wuta, a riƙa juyawa har ya yi duhu, man ya taso sama. Mai gaggawa a nan yake asara, domin in da sauran ruwa a ciki, kwana biyu ba zai yi ba. Kafin a sauke a matsa lemun tsami.

Kwalba a tafasa ta, a bari ta bushe sarai. A zuba, mai ya rufe kan yajin, kuma cokali busasshe kaɗai zai shiga. Mai firji ya sa a ciki. Wanda ba shi da shi, ko unguwarsu ba wuta, ya yi kaɗan-kaɗan ya riƙa ɗumamawa kullum. In murfi ya kumbura ko ya fara kumfa, ba a ɗanɗanawa.

Lokacin yi shi ne daga Janairu zuwa Maris, da kayan rani suka cika kasuwa. Ba mu manta da 2016 ba, da tsutsa ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, miya ta gagari gidaje. Muna ba ƙungiya shawara ta haɗa matanmu da 'yan gwari, su riƙa karɓar mai laushin da araha tun da safe, su soya, su sayar wa masu shayi da masu shinkafa da wake.