Ganye Ya Yi Ɗorawa: Tambayi Tukunya Kafin Ki Zargi Kowa

Uwargida, jawo tabarma ki zauna, in akwai tukunya a kan wuta a ɗan janye itace.

Yau wasiƙa ce a hannuna. Wata ƙanwata amarya daga Makarfi ta aiko ƙaninta da ita, ta roƙi kada in faɗi sunanta, kuma ba zan faɗa ba. Ta ce da za ta tare, mahaifiyarta ta yanko mata reshen fulawar nan mai yaɗo, mai ganye kamar zanen zuciya, kore da ratsin ɗorawa. Ta dasa a robar fenti, ta kama, har ta hau tagar ɗaki. Da marka ta kankama sai ganye ya shiga yin ɗorawa yana zubewa, alhali safe da yamma ba ta fashin ba ta ruwa. Sai wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Wannan ba banza ba, hannu aka sa." Tun daga ranar ta daina sakin jiki da abokiyar zamanta, ko girkinta ba ta ci da daɗin rai.

Ƙanwata, ai kin ba ni amsa da kanki. Marka, safe da yamma, robar fenti. Tambaya ɗaya ta rage: gindin robar nan a huje yake?

Saiwa tana numfashi, kamar ni da ke. Idan ruwa ya cika ƙasa ya kori iska, saiwa ta shaƙe, ta fara ruɓewa, ba ta iya kai wa ganye ruwa ko abinci. Ganye ya yi laushi, ya yi ɗorawa, ke kuma ki ga kamar ƙishi ne ki ƙara ruwa. In maigida ya dawo daga gona ki tambaye shi launin masarar da ruwa ya kwanta mata a watan Agusta. Abin da ke faruwa a gona shi ne ke faruwa a robarki.

Ga yadda za ki gane. Tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In kin ji danshi, yau ba ranar ruwa ba ce. In kin ji caɓi, ko kin ji wari, karkata robar ki zaro shukar a hankali. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari. Ruɓaɓɓiya ta yi baƙi-baƙi, ta yi laushi, kina taɓawa tana saluɓewa. Ki yanke ruɓaɓɓiyar da wuƙa mai tsabta, ki zubar da tsohuwar ƙasar. Ki haɗa sabuwa: ƙasa mai kyau kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ki ɗumama ƙusa a wuta ki yi wa gindin robar huji 4 ko 5. In kina da tsohuwar tukunyar ƙasa da ta tsage, ta ma fi roba, don jikinta yana fitar da danshi.

To in saiwa duk ta tafi fa? Kada ki yi kuka, tsarabar mama ba ta salwanta ba. Dubi reshen, a kowace gaɓa za ki ga ɗan tsiro kamar ƙurji. Nan saiwa ke fitowa. Yanki ƙasa da gaɓar kaɗan, ki bar ganye biyu ko uku a sama, ki tsoma gaɓar a kwalbar ruwa. Cikin mako 2 zuwa 3, da yardar Allah, za ki ga farar saiwa. Amma ki riƙa canza ruwan duk bayan kwana 3 ko 4, kada garin neman ado ki buɗe wa sauro gidan haihuwa a ɗakinki.

'Yan uwa, ba kowace ɗorawa ce ta yawan ruwa ba. Ku lura da wane ganye ne ya sauya, da kuma ta ina ya fara.

In ganye ɗaya ne tak a can gindi, sauran kuma shar, tsufa ne. Cire shi ki huta. Ratsin ɗorawan da ganye ke fitowa da shi tun yana sabo kuwa adonsa ne, ba ciwo ba.

In bakin ganye ya bushe yana ƙaras-ƙaras, ƙasa ta janye daga jikin tukunya, ƙishi ne. An fi ganin haka da hunturu da bazara. Ki ba ta ruwa sosai har ya ɗigo ta ƙasa, sannan ki jira saman ya bushe. Kada ki sa wa shuka lokaci kamar na tuwo. Yatsarki ita ce agogonki.

In tsofaffin ganyaye ne suka kwashe gaba ɗaya, sababbin kuma suna fitowa ƙanana, yunwa ce. Shukar ta rasa sinadarin naitirojin, sai ta kwashe na tsohon ganye ta ba sabo. Malaman Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, sun daɗe suna faɗa wa manoma cewa ƙasar yankinmu tana da ƙarancin wannan sinadari. Balle ƙasar da aka tsare a tukunya shekara guda. Maganinsa tafi ɗaya na takin tumaki ko na shanu da ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Haka yuriyar maigida: a kowane kashi 100 nata, 46 naitirojin ne, ta yi wa tukunya ƙarfi. In takin zamani za ki sa, ɗan abin da yatsu biyu suka tsinta na NPK ya isa, nesa da gindi, a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

In kuwa sabon ganyen kan reshe ne ya yi ɗorawa, jijiyoyinsa kuma suna nan kore, ki tuna abin da kike zubawa. Da yawanmu muna juye toka da ruwan wanki a gindin shuka don kada a yi asara. Toka da garin sabulu suna sauya ƙasa yadda saiwa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe, ko da yana nan. Ki daina, ki sake ƙasa, ki riƙa tara mata ruwan sama.

Sai rana. Asalin fulawar nan wani tsibiri ne a tekun Pasifik mai suna Mo'orea, inda take hawa bishiyoyi a cikin inuwa. Ranar Maris da Afrilu ta ƙasar Zazzau tana babbake ta, ganye ya yi fari-fari da tabon ƙuna. Ki ajiye ta a baranda ko bakin taga, inda haske yake amma rana ba ta dukanta.

Na ƙarshe, juya bayan ganye. In kin ga darɓa, ko ƙananan fararen ƙudaje, ko wani abu kamar auduga a maƙale, su ne ke tsotse ta. Goge da tsumma da ruwan sabulu kaɗan. Ko ki daka ganyen dogon yaro, ki jiƙa ya kwana, ki tace ki yayyafa da yamma, sau ɗaya a mako. Masu kabewa da duma a jikin danga, wannan dubawar har da ku, sai dai naku rana suke so.

Gargaɗi ɗaya, iyayen yara. Fulawar nan dangin gwaza ce, kuma kun san ƙaiƙayin ɗanyen gwaza. In yaro ya tauna, bakinsa zai yi zafi, yana iya kumbura. Ku rataye ta sama. In an yi tsautsayi a wanke masa baki, in kumburi ya yi yawa ko numfashi ya sauya a garzaya asibiti.

Ƙanwata ta Makarfi, ganyen da ya riga ya yi ɗorawa ba zai koma kore ba, kada ki zuba masa ido. Sabon da zai fito shi ne zai gaya miki ko gyara ya yi. Hausawa suka ce zato zunubi. Shukarki tana da dalilai har bakwai na yin ɗorawa, babu abokiyar zamanki a ciki. Gobe da safe in kin gaishe ta, ki ce, "Yaya, zo ki kama min mu sake wa fulawar nan ƙasa." In kin tashi yankan reshe, ki yanki biyu, ɗaya a kwalbarki, ɗaya a tata.

Nan za mu dakata. Wadda ke da tambaya ta aiko yaro da wasiƙa kamar yadda aka saba. Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.