Aikin Katako da Hidimar Ikilisiya



Maganata ta yau a kan benci ce. Yawancin ikilisiyoyinmu ƙanana ne, baikonmu kuma bai taka kara ya karya ba. In benci ya karye, sai a jingina shi da bango ana jiran kuɗin kafinta, tsofaffi kuwa su zauna a kan bulo. Alhali kuwa a cikinmu akwai malaman makaranta da 'yan fansho waɗanda suke taɓa aikin katako a gida don sha'awa kawai. Roƙona shi ne su kawo wannan baiwa harabar majami'a, su koya wa 'ya'yanmu.

Kada wani ya rena wannan aiki. Bisa ga Markus 6:3, mutanen Nazarat sun san Yesu a matsayin masassaƙi. Kalmar Helenanci a wurin ita ce "tekton", wato mai ƙira ko gini da hannunsa. Jastin Mai Shahada, wanda ya rayu a ƙarni na 2, ya rubuta cewa garmuna da karkiyoyin shanu Ubangiji yake yi. A Fitowa sura 31 kuma, Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin alfarwa, har da sassaƙar itace.

Farawa ba ta bukatar injin lantarki. Zarto, guduma, gizago, tef na awo, sanfefa, gam da ƙusoshi sun isa. Abin da ya fi kaya muhimmanci shi ne a wasa su, gama dakusasshen ƙarfe ya fi mai kaifi yanka hannu, domin sai an danna shi da ƙarfi, daga nan ya zame.

Sai zaɓen itace. Madaci yana da kyau ga benci da teburin Jibin Ubangiji. Ƙirya tana da tauri ƙwarai, shi ya sa ake turmi da ita, amma takan wahalar da mai koyo. Madobiya kuwa an sare ta fiye da kima ana kaiwa ƙasar Sin, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu. Mu bar ta ta farfaɗo. In mun yi amfani da madaci, mu dasa wani.

Kada ku yi gaggawa da ɗanyen katako. Ku jera shi a inuwa, a ɗage daga ƙasa saboda gara, da 'yan sanduna a tsakani domin iska ta ratsa. Wanda ya haɗa benci da ɗanyen katako da damina, in hunturu ya zo zai ga ya tsage, ƙusoshi sun saki. Tsayin mazauni ya zama kamar inci 18. A huda rami a jikin ƙafa, a fere bakin sandar giciye ya shiga daidai, sa'an nan a sa gam. Ba mai ganin wannan mahaɗi bayan an shafa fenti, amma shi ne zai riƙe kaka da jikokinta. Yaron da ya koyi yin gaskiya a inda ido ba ya kaiwa ya koyi babban abu cikin almajiranci.

Saboda haka, dattawa, ga abin da nake sa a gabanku. Kowace ikilisiya ta keɓe rumfa ɗaya da ranar Asabar. Dattijo ɗaya ya ɗauki matasa 2 ko 3, maza da mata. Aikin farko shi ne gyaran bencin da ke jingine. Na biyu, ƙofar gwauruwar da ba ta da mai gyara mata. In mun bar matasanmu hannu rabbana, za su tafi birni neman abin yi, bencin da muka gyara kuwa ya rasa mai zama.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.