Maganar da Muke Yi Cikin Raɗa a Bayan Rumfa

Jawabin kwamitin rance a taron cikar ƙungiyarmu shekara 10

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, yayye da ƙanne, barkanmu da ganin wannan rana.

An ce kwamitin rance ya tashi ya yi magana. Lissafin kuɗi dai ma'aji ta riga ta karanta, ba za mu maimaita ba. Mu abin da muka zo da shi wani abu ne da muka gano a bayan lissafin. Iyayenmu ku gafarce mu, maganar tana da nauyi a baki, amma an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma duk nan mata ne, ƙofa a rufe take.

Bara waccan, wata 'yar'uwarmu ta karɓi rance sau biyu a jere don ƙara jari. Ita ta ba mu izinin ba da labarin, da sharaɗin ba za mu kama suna ba. Mace ce da ba ta taɓa latti a zubi ba. Sai ga shi wata uku babu biya, rumfarta kuma kullum kaya raguwa suke yi. Muka shirya mu uku muka tafi gidanta da littafi a hannu, wallahi da niyyar faɗa muka je. Muka tarar da ita ta rame, jaririnta yana kuka a gefe ko ɗagowa ba ta yi. Da ƙyar ta buɗe baki.

Ashe tun haihuwar da aka yi mata ɗinki, duk lokacin da maigidan ya kusance ta azaba take sha. Ta gama wankan jego, ta koma ɗaki, ciwo bai tafi ba. Tun tana daurewa har ta kai da an yi sallar isha'i gabanta ya fara faɗuwa. Shi kuma ya ɗauka ta daina son sa ne. Dangi suka ce sammu ne, wasu suka ce sanyi ne. Jarin nan kaf ya tafi wajen tsumi, gumba, dahuwar kaza da matsi. Wani kayan ma a hannun 'yan ƙungiyar nan ta saya, gaskiya ɗaya ce. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta, ta ce mana wani lokaci har ji take gara ta mutu ta huta. Muka rufe littafin, muka zauna muka yi shiru.

Allah ya sa ɗaya daga cikinmu tana da 'ya nas. Ita ta raka ta asibiti, ita kuma ta zaunar da mu daga baya ta yi mana bayanin abin da za mu gaya muku yanzu. Mun rubuta shi a littafinmu na aji, albarkar karatun da muka koya da girma.

Abu na farko, ta ce matsalar shimfiɗa da damuwar zuciya igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Mai ciwon damuwa sha'awa takan ɗauke mata, ko masa. Wanda kuma shimfiɗarsa ta lalace, kunya da tsoro da zargin kai sukan taru su zame masa ciwon damuwa. Jiki ma yana koyon tsoro. Idan mace ta sha zafi sau ɗaya, sau biyu, naman da ke kewaye da gabanta yakan ɗaure da kansa ba da saninta ba, ɗaurewar ta ƙara zafin, zafin ya ƙara tsoron. Haka namiji. In ƙarfinsa ya gaza masa dare ɗaya, gobe da fargaba zai zo, fargabar kuma ita ce za ta sake kayar da shi. Kun ga abin zagaye yake yi. Babu tsumin da ke shiga ya kwance tsoro.

Abu na biyu, akwai masu ilimin wannan fanni, kuma aikinsu reshe ne na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Mu dai mun sa masa suna jinyar auratayya. A Amurka wani likitan mata, Wiliyam Mastas, da abokiyar aikinsa Bajiniya Jonson, su suka kafa tubalinsa. A shekarar 1970 suka fitar da littafi kan yadda suke yi wa ma'aurata magani. Abin da ya burge mu a tsarinsu, miji da mata tare ake ganin su, masu jinyar ma biyu ne, namiji da mace, don kada wani ya ga an haɗe masa kai. A wajensu matsalar ta zaman auren ce, ba a ɗora ta a kan mutum ɗaya a ce shi ne mai laifi.

Mun san tambayar da ke ranku, don mu ma ita muka fara yi: me ake yi a ɗakin? To ku kwantar da hankalinku. Magana ake yi, kowa da suturarsa, kowa a kujerarsa. Mai wannan jinya ba ya taɓa jikin kowa. Duba jiki aikin likita ne a ɗakin gwaji, kuma kina da damar neman mace ta duba ki, ko a sa nas ta tsaya. Duk wanda ya ce zai yi miki maganin auratayya ta hanyar keɓewa da ke ko shafa jikinki, mayaudari ne, ki ɗauki mayafinki ki fita.

Da farko ana binciken jiki, domin sau da yawa dalilin yana can. Ciwon suga da hawan jini suna rage ƙarfin namiji, har ma wani lokaci wannan ce alamar farko da za a gane yana da su. Shayarwa tana kawo bushewar gaba ga mace, haka ma ɗaukewar al'ada, wadda yawancinmu nan muna bakin ƙofarta ko mun shiga. Akwai tabon ɗinki, akwai ciwon sanyi na gaske mai buƙatar gwaji, akwai illar yankan gishiri da yoyon fitsari. Wasu magungunan asibiti ma, na hawan jini da na ciwon damuwa, suna rage sha'awa. Amma nas ta ja mana kunne sosai: kada wadda ta ajiye maganinta da kanta. A koma wa likita a faɗa masa, shi zai san ko ya canza ko ya rage.

Bayan nan sai zaman tattaunawa. Ana tambayar yaushe abin ya fara, me aka gaya miki game da aure tun kina yarinya, yaya daren farko ya kasance, ko akwai wani mugun abu da ya taɓa samun ki wanda ba ki faɗa wa kowa ba. Ana koya wa miji da mata yadda jikin kowannensu yake aiki, da yadda za su faɗa wa juna "nan da zafi" ko "yau na gaji" ba tare da abin ya zama faɗa ba. Sannan a ba su aikin gida, kamar yadda malama ke ba mu jinga. Wanda ya fi shahara shi ne a ce su dakatar da saduwa na ɗan lokaci, su riƙa zama tare suna taɓa juna a hankali ba tare da an sa ran komai ba, sai a riƙa ƙarawa mataki mataki. Hikimar ita ce idan babu jarrabawa, babu tsoron faɗuwa. Idan kuma akwai ciwon damuwa, ana maganinsa tare.

'Yar'uwarmu an same ta da bushewar shayarwa, da tabo, da wannan ɗaurewar nama, ga kuma damuwar bayan haihuwa. Maigidan da farko ya ce shi ba mahaukaci ba ne da zai je wajen likitan ƙwaƙwalwa. Sai da yayarsa ta sa baki. Ba a kwana ɗaya aka warke ba, an ɗauki watanni, akwai ma lokacin da suka daina zuwa suka sake komawa. Yau tana cikin ɗakin nan, rumfarta a buɗe, bashin saura kaɗan. Amma mun tuna wata da aka saka shekarun baya, muka ce rabon zama ne ya ƙare. Yanzu da muke tuna irin maganganun da take jefa mana a rumfa, jikinmu yana sanyi. Ba mu tambaye ta ba.

Ina za a je? Gaskiya ƙwararrun da suka keɓe kansu ga wannan fanni kaɗai ba su da yawa a wajenmu. Amma ƙofa tana nan. A fara da inda muka saba, wajen awo ko sashen mata, a faɗi matsalar da bakin Hausa, a nemi a tura mu gaba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga asibitin Dawanau. Akwai na gwamnatin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwa ta 1958, kuma ta tanadi kare mutuncin mara lafiya da sirrinsa. Abu ɗaya kawai: idan duka ake yi ko tilastawa, wannan ya wuce aikin gida, sai manya da hukuma sun shigo. Wadda kuma ta fara maganar mutuwa, ranar nan za a kai ta asibiti, ba a jira gobe.

Masu sayar da kayan mata a cikinmu, ba mun zo kashe muku kasuwa ba ne. Dabino, aya, kwakwa, madara da zuma abinci ne, babu mai faɗa da su. Amma matsin da ba mu san abin da ke cikinsa ba yana iya ƙona fata ya jawo ciwo. Maganin maza na kwalba kuma, hukumomin magunguna sun sha gano an zuba ƙwayar asibiti a ɓoye a cikin irinsa, wadda in ta haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya tana iya faɗar da jinin mutum ƙasa warwas. Ke da ke sayarwa, ke ce wadda mata ke fara gaya wa sirrinsu. In kin ga mace ta dawo sau uku da kuka iri ɗaya, ki ce mata, "Yaya, wannan ya fi ƙarfin kayana, zo mu je asibiti." Ribar ranar za ta ragu, mun sani.

Wadda ke ganin kunya ce, ta tuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba. Kunyarmu tana nan, a gaban likita ne kawai za mu sassauta ta.

Don haka kwamiti yana roƙon taro ya amince da abu uku. Ɗaya, duk wadda ta makara a biya, mata biyu za su fara zuwa gaishe ta ba tare da littafi ba. Biyu, asusun taimakon gaggawa ya haɗa da kuɗin mota da na kati ga mai irin wannan lalura, ba sai ta yi bayani a gaban taro ba, ta gaya wa Hajiya Shugaba ita kaɗai ya isa. Uku, mu gayyato ma'aikaciyar lafiya mace sau biyu a shekara, wadda ba ta son tambaya da baki ta rubuta a takarda ba suna. Ai yanzu mun iya rubutu. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna, malama ta ce za ta rubuta mata, kuma ta rantse za ta riƙe amana.

Hajiya Shugaba, ga takardar nan mun miƙa, sai a ɗaga hannu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya sa albarka a kasuwarmu, ya maimaita mana.