Minsharin Da Ba Barci Ba Ne



A wurinmu minshari abin dariya ne. In mutum yana jansa da ƙarfi, sai a ce ya sami barci mai nauyi. Amma fa akwai minsharin da ba barci ba ne, shaƙewa ce. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da harshe sukan saki. Ga waɗansu, musamman masu ƙiba da kaurin wuya, sakin nan yakan toshe hanyar iska. Numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, har ƙwaƙwalwa ta zaburar da mai barci, ya fizgi iska da gurnani, sa'an nan ya koma. Likitoci sukan ƙidaya wannan ɗaukewa: daga sau 5 cikin awa ɗaya cutar take somawa, in ta kai sau 30 kuwa ta yi tsanani.

Da gari ya waye, mai cutar ba ya tuna kome. Abin da ya sani shi ne ciwon kai, da bushewar baki, da yawan tashi fitsari, da gyangyaɗi a ofis, har a riƙa kiransa rago. In direba ne, gyangyaɗin a kan hanya zai same shi, ga fasinja a bayansa. Banda haka, cutar tana da hannu wajen hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Saboda haka shaida tana wurin abokin kwana. In uwargida ta ce, "Maigida, numfashinka yana tsayawa da dare," kada ka mai da maganarta tsegumi. Ka je asibiti, ka kuma tafi da ita, domin ita ce ta gani. Haka nan maigida zai lura da uwargida, don cutar ba ta bar mata ba.

Likita zai duba, ya sa a auna numfashi cikin barci. Magani kuwa akwai: rage ƙiba, da kwanciya ta gefe, da barin giya, da na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Ostareliya cikin 1981. Sai dai kada kowa ya saya wa kansa ƙwayar barci, gama tana iya ƙara tsananta matsalar.

Duk wanda ya ji an siffanta darensa a yau, to, kada ya jinkirta ganin likita.