Haƙƙin mutanen bakin iyaka: abin da dokar ƙasa da ƙasa ke bin Arewa bashi

Shugabannin gundumar Tibiri, masu martaba sarakuna, malamai, ƴan'uwana masana shari'a, jama'ar Arewa: Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka zan shiga magana.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba, ko takunkumin da ya biyo baya, ko ficewar Nijar daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025. A jikinku abin ya faru, kun fi ni sani. Magana ɗaya na zo da ita, wadda na daɗe ina jayayya a kanta da abokan aikina na jami'o'i da jami'an Yamai da Abuja. Manomin Tibiri da ke tsallakawa gonarsa a ɓangaren Kabi, da matar Gesheme da ke zuwa suna gidan ƴar'uwarta a Kangiwa, da makiyayin da ke gangarawa kudu da rani, haƙƙi gare su a dokar ƙasa da ƙasa. Hukumomin ƙasashen biyu suna kallon wucewarsu a matsayin laifin da ake kau da kai a kansa, a bari in an ga dama, a hana in an yi fushi. Wannan kallon kuskure ne a shari'a, kuma shi ne ke lalata mana tsaro.

Layin da ya raba Tibiri da Bacaka ba a Arewa aka shata shi ba. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun bi tsakiyar Dallol Mauri, sannan suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, suka nemi gyara. A 1904 aka sassauta musu, cikin babban cinikin da Faransa ta saki haƙƙinta na musamman na kamun kifi a gaɓar Niyufanlan da ke Kanada ta yau. Aka sake gyara layin a 1906, jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi shi suna kafa turaku har 1908. Ni ban zo neman a tumɓuke turakun ba. Shugabannin Afirka sun yanke a Alƙahira a 1964 cewa kowa ya tsaya kan iyakar da ya gada, kuma sun yi daidai. Nijar ma ta yi abin yabo a nan: ta kai rikicin tsibirin Lete da Benin gaban Kotun Duniya aka yanke a 2005, ta kai na Burkina Faso aka yanke a 2013, ba tare da yaƙi ba. Dokar da ta shafi layin kanta ta kammala. Wadda ta shafi mutanen da layin ya ratsa gonakinsu da zumuncinsu ce aka bari a hannun jandarma da ma'aikacin duwan.

Masu cewa mu koma CEDEAO komai ya daidaita, ina roƙonsu su duba tarihi. Yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ta 1979 tana nan da ranta Najeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin fari, har yunwar wannan lokaci ta samu sunan El Buhari a bakin dattawanmu. Tana nan aka sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 saboda shinkafa da fetur. A 2023 kuwa ƙungiyar da kanta ce ta ba da umarnin rufewa, aka yanke wutar da ke zuwa daga Birnin Kabi, magani da abinci suka tsaya a bakin shinge har Maris na 2024. Da hukumomin Yamai suka kai ƙara kotun CEDEAO, a Disamban 2023 kotun ta ƙi sauraron buƙatarsu ta gaggawa, ta ce ba gwamnatin da ƙungiyar ta amince da ita ba ce. Mai haƙuri da wannan hukunci sai ya gaya mana ƙofar da aka bar wa majinyacin Dumega ya ƙwanƙwasa. Masu cewa kuma AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, ta wadatar, amsarsu ta fi gajarta: Mali da Burkina Faso ba su ne maƙwabtan Tibiri ba. Babu takardar AES ko ɗaya da ke ɗaure Najeriya, alhali kimanin kilomita 1,500 ne tsakaninmu da ita.

To yau a kan me muke tsaye? A kan sanarwa biyu. AES ta ce ƴan CEDEAO na iya shigowa ba biza, CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun ƴan AES har sai ta sake magana. Kowanne ɓangare na iya janye tasa gobe da safe. Takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda aka kafa da shawarar CEDEAO ta 1998, da yarjejeniyar taimakon juna a shari'ar laifuka ta 1992, da ta miƙa masu laifi ta 1994, duk matsayinsu tsakanin ƙasashen biyu ya shiga ruɗani. Kotun CEDEAO da ta tsaya wa Hadijatu Mani a 2008, ta hukunta gwamnatin Nijar kan kasa kare ta daga bauta, ta kuɓuce wa talakan Nijar. Wannan rashi ba ƙarami ba ne, kuma ban ji an kawo abin da ya maye gurbinsa ba.

A daidai wannan giɓi ne sababbin matsaloli suka iso. A Yunin 2024, a cikin wannan gunduma, an kashe sojoji shida da ke gadin bututun man da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. A Nuwamban 2024 ƴan bindigar Lakurawa suka afka wa Mera a ƙaramar hukumar Augie. Kafin shekara ta ƙare Yamai da Abuja suna zargin juna a bainar jama'a. Ƙa'idar shari'a a nan tsohuwa ce, tun hukuncin mashigin Korfu na 1949: ba ƙasar da aka yarda ta bari, tana sane, a yi amfani da ƙasarta a cuci wata. Amma dokar ba ta ba soja izinin bin ɗan bindiga ya tsallaka iyaka ta ƙasa ba sai da yardar mai ƙasa. A teku kaɗai aka tsara irin wannan kora. Mai babur da bindiga ya san haka sarai, shi ya sa yake kai hari nan ya kwana can.

Yanzu ga hujjar da na fi dogara da ita, kuma ina so ɗalibai su rubuta. Abokan aikina suna koyar da cewa haƙƙin ƙetare iyaka daga yarjejeniya kaɗai yake fitowa, in yarjejeniya ta faɗi ya faɗi. Hukunce-hukuncen Kotun Duniya ba haka suka nuna ba. A 1960, a shari'ar Fotugal da Indiya kan wucewa zuwa wasu yankuna da Indiya ta kewaye, kotun ta ce al'adar da ƙasashe biyu kacal suka daɗe a kanta tana iya zama doka a tsakaninsu, ta tabbatar da haƙƙin wucewar farar hula da kayansu, ta ƙi tabbatar da na sojoji da makamai. Ku lura da wannan rabewa, domin ita ce daidai abin da Arewa ke bukata. A 1999 masu sasanci tsakanin Eritiriya da Yaman, bayan sun ba Yaman manyan tsibiran da ake rikici a kansu, sun wajabta mata barin masuntan gargajiya na ɓangarorin biyu su ci gaba da sana'arsu. A 2009, a shari'ar Kosta Rika da Nikaraguwa, kogin San Huwan na Nikaraguwa ne ba gardama, amma kotun ta ce mazauna gaɓar Kosta Rika suna da haƙƙin kamun kifin ci bisa al'ada. Ba a kawo mata wata takarda da ta rubuta wannan haƙƙi ba. Ta ce irin wannan al'ada ta talakawan ƙauye ba a sa ran samunta a kundin gwamnati, kuma daɗewar da Nikaraguwa ta yi ba ta musanta ta ba hujja ce mai nauyi. A hukuncinmu na 2013 da Burkina Faso ma, kotun ta yi kira ga ƙasashen biyu su kula da bukatun jama'ar yankin, musamman makiyaya, yayin da kowa ke iko da rabonsa. Idan masuncin San Huwan ya samu wannan kariya, da wace hujja za a hana Ba'are, mutumin Arewa? Tun zamanin sarkin Tibiri Samna Karhe, Tibiri da Kabi suke tafiya tare a yaƙi da zaman lafiya. Sama da shekara ɗari bayan kafa turaku ana noma, ana kiwo, ana aure, ana cin kasuwa ta kan layin, a gaban idon Turawan mulki da gwamnatocin da suka gaje su, suna karɓar haraji a kai. Har Najeriya na da ƙaramar hukuma mai suna Arewa a jihar Kabi. Da wuya a samu al'adar iyaka a Afirka ta Yamma da ta fi wannan shaidu.

Za a ce rufe iyakar da na lissafa da bakina ya karya al'adar. Duka ukun in an haɗa su ba su cika shekara huɗu ba, kuma a kowanne hujjar da aka bayar ta wucin gadi ce: canjin kuɗi, fasa-ƙwauri, takunkumin siyasa. Ba gwamnatin da ta taɓa fitowa ta ce manomin bakin iyaka ba shi da ikon zuwa gonarsa. Saɓa doka da ba da uzuri yana tabbatar da dokar ne. Za a ce kuma wannan taɓa diyaucin ƙasa ne. Ƙulla yarjejeniya ai yana cikin diyauci, mai ƴanci ne ke sa hannu. Jami'an tsaro su ma za su ce buɗe hanya buɗe wa Lakurawa ne. Lakurawa ba ta shingen duwan suke bi ba, kuma babu rufewar da ta tsare babur ɗaya a dajin da ke tsakaninmu da Tangaza. Wanda rufewa ke kamawa shi ne mai buhun gero a kan amalanke. In ka mai da shi mai laifi, ka tura shi hanyar daji, ka sa yana biyan kuɗi a kowane shinge, ranar da ya ga baƙin fuska ba zai zo ya gaya maka ba. Ɗan gari kan ci gari, kuma labarin da soja ke bukata yana bakin mutumin da ake wulaƙantawa a bakin hanya.

Abin da nake kira a yi ba sabon gini yake bukata ba. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya tana nan a Yamai tun 1971, ita ta haifar da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwan da ƙasashen ke tarayya a kansa, kuma ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu sun yi alkawarin farfaɗo da ita da suka haɗu a Yamai a Afrilun 2025. A ɗora mata aikin rubuta yarjejeniyar mazauna iyaka, wadda ba ta rataya a wuyan CEDEAO ko AES ba, yadda saɓanin shugabanni ba zai taɓa ta ba. A cikinta a ware tazara daga layi, a ba mazaunanta kati guda da ɓangarorin biyu suka sani. Turai, da duk tsananin da take yi a iyakokinta na waje, tun 2006 take da irin wannan tsari mai faɗin kilomita 30. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa ko an rufe iyaka ba a hana mai kati zuwa gona, asibiti, jana'iza ko kasuwa mafi kusa, ba a kuma tsare magani da abinci. A shata burtali da mashaya daga ɓangaren nan zuwa wancan, a haɗa su da aikin kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa mana. A sa ruwan ƙarƙashin ƙasa a ciki, domin rijiyoyin Dallol Mauri da na Kabi daga taska guda suke sha, yarjejeniyar Maiduguri kuwa a kan wasu koguna huɗu na gabas da mu aka gina ta. Batun bin ƴan bindiga a yarda da shi a rubuce, da iyakar nisa da ta lokaci, da sanar da kwamandan ɗaya ɓangaren, da miƙa wanda aka kama ga alƙalin ƙasar da aka kama shi. Sannan a kafa ɗan ƙaramin zauren ƙorafi da ke zama bi da bi a Dogon Dutsi da Argungu, inda talaka zai kai kukansa da Hausa. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka kan haɗin gwiwar yankunan iyaka, wadda aka amince da ita a 2014, sunan Yamai take ɗauke da shi, kuma ta tanadi cewa hukumomin ƙasa-ƙasa su yi hulɗa da takwarorinsu na ƙetare. Bai kamata mai mulkin Tibiri ya jira takarda ta je Yamai, ta je Abuja, ta dawo Birnin Kabi kafin ya yi magana da shugaban ƙaramar hukumar da ke Kangiwa a kan satar shanu ba.

Akwai kuma aikin da ba sai mun jira kowa ba. Al'ada a gaban kotu shaida take so. Ina kira ga masu martaba sarakuna da masu gari su fara rubuta sunayen gonakin da ke ƙetare da masu su, da burtalolin da ake bi, da ranakun kasuwanni, da tsofaffin rasit na haraji da jangali da ke cikin akwatunan gidaje. Sassan koyar da shari'a na Jami'ar Abdu Mumuni da ta Tawa da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato su turo ɗalibai su ɗauki bayanan dattawa gari gari, a ajiye kwafi a kowane ɓangare na iyaka. Gundumar Tibiri mai ƙananan hukumomi huɗu ce, ana iya gama ta cikin rani guda, sai a miƙa kundin ga hukumar haɗin gwiwa kafin zamanta na gaba.