Sunan Buhari: Daga Bukhara Zuwa Daura

Mutane da yawa a Kudancin Najeriya da ƙasashen waje sun ɗauka Buhari sunan wata tsohuwar zuri'a ce a Daura. Ba haka ba ne. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a 1942 aka kuma binne a Daura a Yulin 2025, ɗan Harɗo Adamu ne. Buhari sunansa ne na kansa, wanda ake raɗa wa yaro don neman albarkar Imamu Buhari, babban malamin hadisi da aka haifa a Bukhara, cikin Uzbekistan ta yau, a shekarar 810. Sai a kan iyalinsa sunan ya zama na gida. Ɗan yayansa ma, Malam Mamman Daura, sunan gari ya ɗauka, yayin da Salisu Buhari, kakakin Majalisar Wakilai a 1999, mutumin Kano ne. Ke nan a ƙasar Hausa haɗuwar suna ba ta tabbatar da dangantaka, bambancinsa kuma ba ya raba jini.

Wani zai ce zamani ya canja, gara zuri'a ta riƙe sunan gida ɗaya, domin fasfo da katin ɗan ƙasa da asusun banki duk suna buƙatar suna ɗaya tsayayye. Gaskiya ne, takardu ba sa son sauye-sauye. Amma sunan mahaifi ma tsayayye ne ga mai shi har ya mutu, kuma da shi ake bin nasaba wajen rabon gado da ɗaurin aure. Idan jika ya tsallake mahaifinsa ya rataya sunan kaka saboda ya fi shahara, masu zuwa baya ne za su sha wahalar tantance wa ya haifi wa.